Kafin a sayi gurup, a sayi makunnin sauya layi

Ƴan uwana malamai da iyayen yara, akwai wata waya da ta shigo gidajenmu, har ta fara leƙa makarantunmu, wadda ya kamata mu haɗu mu kore ta tun ba ta yi mana ɓarnar da ba ta gyaruwa ba. Waya ce mai kai biyu: wannan bakin filogi, wancan bakin ma filogi. In an ɗauke wuta sai a tada janareta, wanda mu nan muke ce wa gurup, a cusa kai ɗaya a jikinsa, a cusa ɗayan a soket ɗin bango, gida ya haskaka baki ɗaya. Mai gida ya yi murmushi, ya ce ya yi dabara, ya tsira da kuɗin mai gyaran wuta. Ni kuwa na ce tarko ya ɗana, kuma bai san wanda zai faɗa ciki ba. Wataƙila ɗansa ne, wataƙila ɗan wani ne da ke bisa turken wuta can nesa da gidan, wanda bai taɓa gani ba.

Magana ta ɗaya ce, kuma zan tsaya a kanta: duk ginin da ke da layin NIGELEC kuma ake son haɗa masa gurup, dole a sa masa makunnin sauya layi. Wanda ba shi da kuɗin makunni, to ba shi da kuɗin gurup. Amma irin makunnin nan mai aiki da kansa, wanda ƴan kasuwa suka fara tallata mana, ba namu ba ne a makaranta, kuma ba na yawancin gidajenmu ba ne. Da mai ƙin saye don rowa, da mai sayen abin da ya fi ƙarfinsa don a gani, duka biyun nake da magana da su.

Mu fara tuna yadda muka zo nan. Wutar da Maraɗi da Damagaram ke sha, yawancinta daga Najeriya take zuwa, ta babban layi mai kilobolt 132 da ya taso daga Katsina ya shigo ta Gazawa. Yamai kuma tana sha ta layin Birnin Kebbi. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa sayo ta ake yi daga can. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, Najeriya ta yanke layin a farkon Agusta. Sai a ranar 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin, wuta ta dawo cikin watan Maris. A waɗannan watanni duk mai ɗan hali ya nemi gurup: mai shago, mai sayar da ƙanƙara, tela, mai walda, liman don lasifikar masallaci. Ba na ganin laifin kowa, duhu da zafi ba su da daɗi. Amma an sayi injuna da gaggawa, an haɗa su da gaggawa, kuma har yau haɗin gaggawar nan yana nan a bango. Wuta ta dawo, ɗaukewa ba ta daina ba, musamman a bazara, lokacin da yaranmu ke shirin jarrabawar BEPC da ta bakaloreya.

To mene ne laifin wayar mai kai biyu? Wayar wuta ba ta san gaba da baya ba. In ka zuba wutar gurup cikin soket, ba a ɗakunanka kawai za ta tsaya ba. Za ta bi waya ta wuce mita, ta fita gida, ta hau turke, ta shiga layin unguwa. Daga nan ta isa taransifoma. Aikin taransifoma shi ne ya karɓi wuta mai dubban bolt ya sauko da ita zuwa 220 da muke amfani da ita, amma in aka ba shi wuta ta baya, aikin juyawa yake yi: ya karɓi 220 ɗinka ya mayar da ita dubbai, ya tura ta cikin babban layi. Yanzu ka tuna dalilin da ya sa ake ɗauke wuta wani lokaci. Waya ce ta tsinke bayan iskar damina, ko ma'aikata ne suka kashe layi don su yi gyara. Mutum ya kashe layi da hannunsa, ya hau sama da natsuwa, ya kama waya, ashe wani Alhaji a ƙarshen unguwa ya tada gurup don ya ga labarai. Haka nan yaron da ya ga tsinkakkiyar waya a ƙasa a hanyar lakwal, an ce masa ai babu wuta a gari tun safe.

Haɗari na biyu a cikin gida yake. Da zarar ka cusa kai ɗaya a jikin gurup mai aiki, ƙarafan ɗaya kan da ke waje sun zama wuta tsirara. Filogi na gaskiya ba ya ɗaukar wuta sai ya shige cikin bango, wannan kuwa yana ɗauke da ita a fili. In ƙafar wani ta ja wayar ta fita daga soket, tana kwance a tsakar gida inda ƴan rarrafe ke wasa.

Na uku shi ne lokacin da aka dawo da wuta ba sallama. Wutar gari da ta gurup duka suna kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, amma ba tare suke tafiya ba. In suka haɗu a waya ɗaya karo suke yi, kuma ƙaramin ne ke shan kashi. Gurup ya ƙone, firji da talabijin su bi shi, in an yi rashin sa'a wayar cikin rufi ta yi zafi ta kama. Mu mutanen Maraɗi ba mu bukatar a koya mana abin da gobara ke yi a makaranta. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 yara fiye da 20 suka rasu a cikin azuzuwan zana a birnin Maraɗi, bayan irin wannan musiba da ta faru a Yamai cikin watan Afrilu na shekarar. Ba gurup nake ɗora wa laifin waɗannan ba. Abin da nake cewa shi ne, al'ummar da ta binne yara irin haka ba ta da hujjar yin sakaci da duk wata hanyar da wuta ke kamawa, balle har yanzu muna da azuzuwan kara da zana jingine da na siminti.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta a majalisa: "Malam, ai ni kullum sai na sauke babban makunnin da ke gefen mita kafin in tada inji." Na yarda kana yi. Amma kai ne kullum a gida? Ranar da ka tafi kasuwar Jiratawa ko ta Ɗan Isa, wa ke tada shi? Uwargida ce, ko yaron gida mai shekara 13, ko almajirin da ke kwana a zaure. A makaranta kuma mai gadi ne, ko malamin da aka turo bana wanda ba a yi wa bayani ba. Mu malamai mun fi kowa sanin mantuwa. Yaron da ya haddace jadawalin ninkawa tsaf, ranar jarrabawa yakan ce 7 sau 8 hamsin da huɗu ne. In ya manta, maki ɗaya ya rasa. Wanda ya manta sauke makunni sau ɗaya cikin sau ɗari, rai ne a ciki. Tsaron da ya dogara ga cewa ba wanda zai taɓa mantawa, ba tsaro ba ne.

Makunnin sauya layi ya kawar da wannan matsala ne ta hanya mai sauƙi. Akwati ne da ake kafawa tsakanin mita da wayoyin gida, da hannu ɗaya mai matsayi uku. Ka kai shi gefe ɗaya, gida na shan wutar gari. Ka tsayar da shi tsakiya, gida ba ya shan komai. Ka kai shi ɗaya gefen, gida na shan gurup. An ƙera shi ta yadda ƙarfen ciki ba zai iya taɓa gefe biyu a lokaci ɗaya ba, kamar mahayi da ba ya hawa jaki biyu. Ko yaro ne ya juya shi, ko cikin duhu, wutar gurup ba ta da hanyar fita titi, ta gari kuma ba ta da hanyar afka wa gurup. Ba shi da batir, ba shi da kwakwalwa, ba ya shan mai. Kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin gurup ba, kuma duk ƙwararren mai gyaran wuta a Maraɗi ya san shi. Sharaɗi kawai a sayi wanda ƙarfinsa ya dace da mitar gidan, a sa waya mai kauri, a kuma kafa ƙarfen da ke zubar da wuta cikin ƙasa.

Yanzu in juyo kan ɗaya ɓangaren. Tun da aka gane cewa mutane sun fara jin tsoron haɗin banza, sai wasu masu saye da sayarwa suka tsallake na hannu suka ce a sayi mai aiki da kansa. Gaskiya na'ura ce mai ban sha'awa. Kullum tana auna wutar gari. In ta ga ta ɗauke ko ta yi rauni, sai ta ɗan jira ta tabbata ba ƙyaftawa ba ce, ta tada gurup da kanta, ta jira ya daidaita, sannan ta mayar da gida kansa, duka cikin ƴan daƙiƙoƙi. In wutar gari ta dawo, ta saurara na ɗan lokaci ta ga ko ta zauna, ta mayar da gida kanta, ta bar gurup ya huce, ta kashe shi. Ba wanda ya tashi daga tabarma.

Akwai inda wannan na'ura ta zama wajibi, kuma ina goyon bayan a sa ta can ko da nawa ne. Ɗakin tiyata, ɗakin haihuwa, ɗakin da jarirai ke shaƙar iska ta inji, firjin jini, da na allurar rigakafi wanda ba a son sanyinsa ya fita daga digiri 2 zuwa 8. A asibitin Madarunfa ko manyan asibitocin Maraɗi, minti biyar na duhu na iya zama ajalin wani, kuma likita ba zai bar mara lafiya a kan gado ya fita neman igiyar gurup ba. In mai hali yana neman inda zai yi sadaka da irin wannan na'ura, ga wuri nan.

Amma a aji, wa zai mutu in fanka ta tsaya minti biyar? A gida, me zai lalace kafin yaro ya ɗauki tocila ya je ya juya hannu? Ga kuma abubuwan da mai talla ba ya faɗa. Na farko, na'urar ba ta aiki da gurup ɗin da ake ja da igiya, wanda shi ne a yawancin gidajenmu. Sai mai tashi da makulli da batir, wato sai ka sake sayen inji. Batirin kuma in ya mutu cikin zafin Afrilu, ranar da aka ɗauke wuta na'urar za ta yi ta ƙoƙari a banza. Na biyu, an yi ta ne don ƙasashen da wuta ke ɗaukewa jefi-jefi. Mu nan takan tafi ta dawo sau da yawa a yini, wani lokaci ta zo da rauni har ƙwai ya yi ja. Kowane rauni na'urar za ta tada inji, ko da kowa ya tafi gona, ko da makaranta na hutu. Na uku, ba ta zaɓe. Duk abin da aka bari a kunne za ta ɗora wa gurup a lokaci ɗaya, alhali firji da famfon ruwa suna jan wuta ninki uku ko fiye a lokacin tashi. Mai juya makunni da hannu yakan kashe dutsen guga da abin dafa ruwa tukuna. Na huɗu, in allonta ya ƙone, ba a gyara shi a Safo.

Sai batun mai. Da, muna samun sauƙi wajen ƴan ruwa-ruwa masu sayar da man Najeriya a kwalba, amma tun da aka cire tallafi a can ranar 29 ga Mayu 2023 wannan sauƙin ya tafi. Ko bayan ragin da gwamnati ta yi a watan Yuli 2024, litar esansi ta tsaya ne a sefa 499 a lokacin, gazuwal 618. Mu yi lissafi irin na ƴan aji shida. A ɗauka gurup na shan lita ɗaya a awa, kuma na'ura ta tada shi awa 6 a rana. Jaka 3 ke nan a rana, jaka 90 a wata. Malamin kwantiragi ya kwatanta wannan da abin da ke shiga hannunsa a ƙarshen wata. Makunnin hannu yana da wata fa'ida da ba a rubuta a kwalinsa ba: kafin ka tashi ka juya shi, sai ka tambayi kanka ko wannan duhun ya cancanci lita ɗaya.

Akwai kuma hayaƙi. Gurup na fitar da wata iska, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa mutum barci ya wuce daga nan. Saboda tsoron ɓarayi mutane na ajiye inji a zaure, ko a ɗakin ajiya mai haɗe da ɗakin kwana. In mutum ne ya tada shi, aƙalla ya san yana aiki. Na'urar da za ta tada shi da ƙarfe biyu na dare, kowa na barci, ƙofofi a rufe saboda sanyin hunturu ko ƙura, ba ta san akwai almajirai uku a zauren ba.

Na taɓa zama a taron kwamitin iyaye da malamai na wata makaranta, inda wani ɗan gari mazaunin waje ya aiko da gudummawa don yara masu jarrabawa su samu hasken karatun dare. Aka kawo takardun farashi biyu. Ta farko gurup ne da waya kawai, mai ita ya ce makunni ƙarin kashe kuɗi ne. Ta biyu babban gurup ne da na'ura mai aiki da kanta, ta cinye kuɗin duka, ba a bar ko na lita ɗaya ba. Aka yi awa biyu ana gardama tsakanin masu son araha da masu son a ce makarantarmu ta fi ta maƙwabta. Ba wanda ya tambayi wutar nawa ake bukata. Ga lissafin: ƙwai 4 masu wat 10 a aji, wat 40 ke nan. Aji 6, wat 240. Awa 3 na karatun dare, bai kai kilowat ɗaya ba. Wannan aikin faifan hasken rana ne da batir, a ƙasar da rana ba ta yi mana rowa, kuma a kan wayarsa daban wadda ba ta taɓa layin gari. Gwamnati da kanta ta kama wannan hanya, ga tashar Malbaza mai megawat 7 tun 2018, ga ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai tun 2023. In kuma akwai kwamfutoci da injin buga takardu da suka sa dole sai gurup, to ƙarami, da makunnin hannu, da ɗaki nasa a waje mai iska, da kuɗin mai a ajiye.

Wani abu kuma yana damuna game da na'urar nan, wanda ya wuce lissafi. Amfaninta shi ne mai gida kada ya san an ɗauke wuta. To in duk masu faɗa a ji, daga manyan ma'aikata zuwa manyan ƴan kasuwa, sun daina sanin an ɗauke wuta, wa zai yi magana a gyara layi? Wa zai tambayi inda aka kwana a aikin madatsar Kandaji? Yawancin ƙauyukan karkararmu ko turke ɗaya bai kai musu ba, ɗalibanmu da tocilar waya suke bitar darasi. Wanda ke tashi cikin zafi ya juya makunni da hannunsa, aƙalla yana tuna halin da sauran jama'a ke ciki.

Don haka ga roƙona. Iyaye, yau ɗin nan ku duba bayan gurup ɗinku. In kun ga waya mai kai biyu, ku yanke ta, kada ku ba maƙwabci. Kafin ku samu kuɗin makunni, ku ja waya daga gurup kai tsaye zuwa fanka da ƙwai da firji, ba tare da ta taɓa bangon gida ba. Ba kyau a ido, amma ba ta kashe kowa. Shugabannin makarantu da ƴan kwamiti, kada ku sa hannu a takardar sayen gurup da ba a rubuta makunnin sauya layi a ciki ba, kuma kada kunya ta hana ku tambayar mai ba da gudummawa wa zai riƙa sayen mai. Masu gyaran wuta, ku ji tsoron Allah, in mai gida ya ce ku yi masa haɗin banza ku ƙi, abokan sana'arku ne ke hawa turke. NIGELEC kuma, ma'aikatanta na shiga gida-gida karanta mita, ba zai gagara ba su riƙa duba yadda aka haɗa gurup, su yi gargaɗi, a kuma yi ta faɗakarwa a gidajen rediyo da Hausa.

Mu malamai namu aikin ya fi sauƙi, kuma ya fi daɗewa. A makarantar horon malamai an koya mana cewa darasin da yaro ya taɓa da hannunsa shi ke zama. Batirin tocila biyu, ƙaramin ƙwai, guntun waya da ƙusa uku a kan katako sun isa a nuna wa ƴan aji biyar da shida yadda ƙwai ɗaya ke shan wuta daga wannan batir ko wancan, da dalilin da ya sa ba a haɗa su barkatai. A gaya musu kada su taɓa wayar da ta faɗo ko da an ce babu wuta a gari, kada su kwana ɗaki ɗaya da inji. Yaran nan su ne ake aika su tada gurup in magariba ta yi, kuma yaron da ya gane zai iya ce wa mahaifinsa cikin ladabi, "Baba, malam ya ce wannan wayar tana kisa." Uba da yawa da ba zai saurare ni a majalisa ba zai saurari ɗansa.

Bazara na tafe, ɗaukewar wuta za ta ƙaru, za a sake tada injunan da suka kwana biyu a ajiye. Wanda zai gyara haɗinsa ya gyara tun yanzu. Allah ya kiyaye mu da ƴaƴanmu, ya kiyaye masu hawa turke don mu samu haske.